Matasan Birnin Gwari: Wa Zai Karɓe Su Koyon Aiki?

  

A watan Nuwamba na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Malam Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma sake buɗe kasuwar kara ta garin bayan ta yi shekaru a rufe. Duk wanda ya san abin da mutanen wannan masarauta suka gani, tun daga harin Gwaska na watan Mayun 2018 inda aka kashe fiye da mutum 40, har zuwa lokacin da manomi ba ya taka gonarsa sai ya biya ɓarayin daji haraji, lalle ba zai raina wannan rana ba. To amma akwai tambayar da ba mu ji an yi mata shiri ba: yaron da yake ɗan shekara 8 lokacin da fitinar ta yi ƙamari, yau saurayi ne, makarantarsa ta rufe, gonar ubansa ta zama kurmi, bai kuma taɓa zama ƙarƙashin wani mai sana'a ba. Ina za a kai shi?

Mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Mutanen daji sun riga mu tsara wa irin wannan yaro hanya. Sukan ɗauke shi yana ƙarami, su fara aikensa sayen mai da burodi, sa'an nan su ba shi tsaron waɗanda aka kama, daga baya a ba shi babur, a ƙarshe bindiga. A kowane mataki yana da ubangida da ke koya masa, yana da abinci, yana da rabo, yana kuma ganin matsayin da zai hau in ya daɗe. A shekarar 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar, wato BEPU, ta yi ta kokawa cewa 'yan Ansaru sun kafu a gabashin ƙasar wajen Damari suna jan matasa da wa'azi da kyauta. Wal'iyazu billahi. Ɓarna ta yi tsari, ta yi haƙuri da yaro shekara da shekaru, mu kuwa abin da muka saba yi masa shi ne taron bita na kwana uku.

Mun san irin waɗannan tarurruka. A kwashi matasa a kai su otal a Kaduna, a yi musu lacca da Turanci a kan shugabanci, a ba su jaka da biro da takardar shaida da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Ranar da suka koma Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa babu abin da hannunsu ya iya wanda bai iya ba a da.

Abin da muke kira a yi shi ne zaman koyon aiki na haƙiƙa: a ɗauki saurayi ko budurwa a damƙa wa wanda ya iya aiki, wata 9 ko shekara guda, da alawus ɗan kaɗan da zai hana shi yunwa, da wani dattijo da ke bibiyar halinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne. Gwamnati ta kafa asusun ITF a 1971 domin horas da ma'aikata, aka kawo hidimar ƙasa a 1973, a jihar nan kuma aka fara shirin Kashim Ibrahim a 2018, inda akan zaɓi matasa kaɗan su yi shekara guda suna zagaya ma'aikatu suna ganin yadda ake mulki. Sai dai ƙofar mafi yawan waɗannan tana buɗuwa ne ga mai digiri ko difloma. Yaron da muke magana a kansa ko firamare bai ƙare ba. Wanda ya fi kusa da bukatarsa shi ne tsarin kasuwar Panteka a Kaduna, inda dubban yara suka koyi walda da ƙira da kafinta a hannun iyayen gidansu ba tare da an tambaye su takarda ba.

Nan ne nauyi ya hau kan ƙungiyoyin sa-kai, musamman namu na Musulunci, domin su ne ke da reshe a ƙauyen da jami'in gwamnati ba ya kwana. Muna da makarantun Islamiyya, muna da 'yan agaji masu horo da biyayya, muna da kwamitocin marayu da na zakka. Abin da ya rage shi ne mu juya su su fuskanci wannan aiki. Kuma wuraren koyo suna nan cikin Birnin Gwari, ba sai an je nesa ba. Ƙasa ce ta masara da dawa, tana bukatar yaran da za su bi malamin gona su san taki da iri da maganin ƙwari. Kara tana bukatar masu bin malamin dabbobi su iya allura, da masu rubuta cinikin shanu domin kada saniyar sata ta shige. Akwai noman rani a gefen dam ɗin Bagoma, akwai gyaran rijiyar burtsatse da na'urar hasken rana, akwai ɗakunan shan magani da ke neman mataimaka. Shi kansa dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999, wa ya fi cancanta ya koyi gadinsa in ba yaran da aka haifa a bakinsa ba?

Batun kuɗi kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani. Imam Nawawi ya tafi a kan cewa matalauci mai sana'a ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa. Buhun masara goma daga zakkar manoman gari ɗaya zai ciyar da 'yan koyo da yawa, ragowar kuma ya sayi keken ɗinki ko akwatin sifana ranar yaye.

Akwai haɗari biyu da ya wajaba mu tsare. Na farko, kada ɗan koyo ya zama yaron aike na kyauta. Mun ga ofisoshi da shaguna inda yaro zai shekara yana shara da dafa shayi, maigida yana ɓoye masa asirin aikin don kada ya zama kishiya. Wannan zalunci ne, don haka a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: me za a koya, zuwa yaushe, nawa za a ba shi. Na biyu, kada a ware 'ya'yan Fulani. In muka cika gurabe da 'ya'yan gari muka bar ɗan ruga, to mun bar shi ga malamansa na daji, kuma sulhun da aka ƙulla da ubansa ba zai kai kansa ba. A nemi arɗo ya kawo yara kamar yadda dagaci zai kawo.

Shugabanci kuma ba a koyonsa a allo. A zaunar da ɗan koyo a bayan sakataren reshe ya rubuta abin da aka tattauna, a ba shi littafin kuɗin masallaci ya karanta wa jama'a lissafi a ƙarshen wata, a tafi da shi zaman sasanta manomi da makiyayi a gaban hakimi ya ga yadda ake kimanta ɓarna da yadda ake kashe magana. 'Yan mata su sami irin wannan a hannun malamai mata da ungozomomi.

Muna roƙon kowane reshe da ke masarautar da maƙwabtanta ya kawo wa zama na gaba sunayen masu sana'a 5 da suka yarda su karɓi yara, tare da adadin da kowannensu zai iya riƙewa da abin da ciyar da yaro ɗaya zai ci a wata.