Kayan Aro a Shagunan Ƙawa

A watan Disamba na 2001 kamfanin Prada ya buɗe shago a unguwar SoHo ta birnin New York, cikin ginin da reshen gidan zane-zane na Guggenheim ya zauna. Mai tsara gine-gine Rem Koolhaas ya shimfiɗa katako a tsakiyarsa, ya lanƙwasa shi kamar igiyar ruwa. A 2023 Louis Vuitton ya lulluɓe shagonsa na Champs-Élysées da ɗige-ɗigen Yayoi Kusama, mai zane ƴar Japan. Masu yabo suka ce fasaha ta sauko kasuwa. Ni kuwa cewa nake kasuwa ce ta ɗauki fasaha aikin boyi.

Mu dubi dabarar. Ana shafa wa bango fari, a rataye riga uku inda ɗari za su shiga, a haska kowace da fitilarta kamar hoto a gidan tarihi, a ɓoye takardar farashi. A titin da haya ke da ɗan karen tsada, filin da aka bari wayam shi ne shelar arziki. Mai saye ya sassauta murya, ya ji kunyar tayi. Wa ya taɓa taya hoton da ke rataye a gidan tarihi? Aikin zanen ke nan a wurin: ya rufe bakin ciniki.

Za a ce ai ta haka wanda bai taɓa shiga gidan zane ba yake ganin fasaha. To, wanda mai gadi ya auna takalminsa da ido tun daga ƙofa, wace fasaha ya gani? Mondrian ya rasu a 1944. Layukansa sun hau rigunan Yves Saint Laurent a 1965, ba wanda ya nemi yardarsa.

Wannan lamarin Turai da Amurka ne, da can ya tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya dame ni shi ne ɗinki ya bunƙasa a ƙasarmu tun da Alphadi ya buɗe bikin FIMA a Tigidit a 1998, amma idan matashin tela ya samu jari zai buɗe butik a Yamai ko Maraɗi, hoton Paris yake miƙa wa magini: farin bango, gilashi, ƙarfe mai ƙyalli. Gilashi a zafin watan Afrilu tanda ne, farin bango kuma ba ya jure ƙurar hunturu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin mamaki, fasahar zamanin da ake kwaikwayo ita kanta ta sha daga rijiyar Afirka. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadéro, ya ga sassaƙe-sassaƙen nahiyarmu, kuma alamarsu ta fito a aikinsa. Mu da muke da zanen bangon Birni a Damagaram, da dagi, da zanko, da launukan dukawa, me ya kai mu roƙon layi da da'ira a ƙetare? Masallacin Yama, aikin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A 2018 Mariam Issoufou ta gina kasuwar Dandaji da tubalin ƙasa da rumfunan ƙarfe masu launi, inuwa ta samu, ido ya samu abin kallo, ba a kori kowa ba.

Ba na kiran a mayar da shago rumbu, ko a manna dagi a bango don burge ɗan yawon buɗe ido. Wannan ma aro ne. Ina kira a zauna da magini da baduku da maƙeri tun ranar da ake zana taswirar shagon, a biya su kuɗin tunaninsu, a rubuta sunansu a ƙofa. Ku malamai da ƙungiyoyin al'adu, ku kai ɗalibai unguwar Birni da takarda da fensir kafin siminti ya cinye sauran bangayen. Yaron da ya koyi karanta bangon kakansa ba zai sayi kwafinsa da tsada ba.