Dutse Ko Kafin Hausa: Ina Ne Kuɗin Karatu Ya Fi Sauƙi?

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, iyaye a Birnin Kudu da Gwaram sukan shiga lissafi: a kai yaro Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko kuwa Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda jihar Jigawa ta kafa a 2013? Da yawa sukan ce ai ta jiha ta fi araha. Maganar tana da gaskiya, amma ba ga kowa ba.

Jami'ar jiha takan raba ɗalibai gida biyu, ɗan asalin jiha da baƙo, kuma baƙo shi ke biyan mafi yawa. To, 'yan'uwa, iyalai nawa ne a cikinmu aiki ya kawo su daga Filato ko kudancin Kaduna, koyarwa ko aikin asibitin tarayya na Birnin Kudu? An haifi 'ya'yansu a nan, Hausa ce a bakinsu, amma in babu takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, baƙi ne a teburin rajista. Tallafin karatu na jiha ma wannan takardar yake bi. Shi kuwa ɗan ƙasa da bai nemi tasa da wuri ba, shi ya jawo wa kansa.

A Dutse kuɗin rajista ɗaya ne ga kowane ɗan Nijeriya da ke karanta fanni guda. Gaskiya ne ya tashi ƙwarai bayan yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022. Amma tun 2024 akwai rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta, har da Naira 20,000 a wata na abinci. Rance ne fa, za a biya shi bayan bautar ƙasa.

Sai kuma hanya, wadda ba a rubuta ta a takardar makaranta. Dutse tana kusa, uwa za ta iya aika gero da wake ta hannun direban tasha, su isa a ranar. Kafin Hausa kuwa can take wajen Haɗeja, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka. Ɗan Gwaram da zai je can ya dawo sau huɗu a shekara, ragin da aka yi masa na iya ƙarewa a tasha.