Hutun Tsibiri: Kallon Kitse Ake Wa Rogo

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta kunno kai a tsakanin masu hannu da shuni na ƙasar nan da 'ya'yansu. Da zarar an ɗaura aure an watse daga shagali, sai ango da amarya su ɗare jirgin sama zuwa wani tsibiri a tsakiyar teku, wai sun tafi cin amarci. Kafin su dawo hotunansu sun riga su isowa ta Instagram da TikTok. Ga ɗakin katako an kafa shi bisa ruwa, ga rairayi fari fat, ga itatuwan kwakwa, kuma babu kowa sai su biyu. Shi kuwa matashi yana zaune a majalisa ko a bakin shagonsa, da ƙyar ya haɗa kuɗin data, yana kallo yana haɗiyar yawu, har ka ji wani ya ce ai wannan ita ce aljannar duniya. Mun ji wannan kalma daga bakin 'yan uwan da muke kyautata wa zato, shi ya sa muka ga ya zama wajibi mu ɗaga labulen domin a ga abin da ke bayansa.

Ƙasar da ta fi kowace suna a wannan harka ita ce Maldif, wato wasu tsibirai kimanin 1,190 da ke warwatse a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Sirilanka. Daga cikinsu waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Abin da da yawa daga cikin masu kallon hotunan ba su sani ba shi ne, Maldif ƙasar Musulmi ce. Sarkinta ya karɓi Musulunci tun a shekarar 1153, kuma tsarin mulkinta na 2008 bai yarda wanda ba Musulmi ba ya zama ɗan ƙasa. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka a can wajen 1343, har ya riƙe musu muƙamin alƙali.

Kuma kada ka ɗauka babu abin da ya haɗa mu da su. Kalmar kuɗi da muke faɗa dare da rana jam'in wuri ce, shi kuwa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi daga ruwan Maldif aka fara tsamo shi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna wuri ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731. Ibn Baɗuɗa ya tarar ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda a Maldif, da ya zo Mali da Gao kuma ya tarar da shi 1,150 a kan dinari. Daga baya Turawa suka riƙa loda shi cikin jiragen ruwa suna kawowa gaɓar Afirka ta Yamma suna sayen bayi da shi. Masuncin Maldif ne ke shiga ruwa, ribar kuwa tana aljihun fatake. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin zai sake cin karo da shi nan gaba.

A shekarar 1972, shekara bakwai bayan ƙasar ta karɓi mulkin kanta daga Ingila, aka buɗe otal na farko na masu yawon shaƙatawa, mai suna Kurumba, a wani ɗan tsibiri kusa da Male babban birnin ƙasar. Daga nan aka kafa tsarin da ake kai har yau, wato tsibiri ɗaya otal ɗaya. Gwamnati ta ba ɗan kasuwa hayar tsibirin da ba kowa a kansa na shekaru masu yawa, shi kuma ya gina ɗakuna. Yanzu irin waɗannan otal-otal sun haura 170, kuma a 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun wuce miliyan 2, alhali duka mazaunanta rabin miliyan ne da ɗoriya.

To wai shin me ake sayarwa a waɗannan wurare? Teku dai akwai shi a Legas, rana kuwa ba mu rasa ta ba. Hajar da ake tallatawa ita ce keɓewa. Mafi tsadarsu su ne ƙananan nan masu ɗaki 20 ko 30, inda ake yi wa baƙo alkawarin ba zai ga kowa ba. Daga filin jirgi a ɗauke shi a kwalekwale mai inji, ko a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, a dire shi a tsibirin ba tare da ya taka unguwar talaka ko ɗaya ba. Wasu otal ɗin har agogonsu daban, suna tura shi gaba da awa guda a kan na Male domin baƙi su sami doguwar yamma. Ɗakin da ke bisa ruwa kan kai Dala 1,000 a dare guda, wasu sun ninka haka sau da yawa. A shekarar 2024, lokacin da Dala ta haura Naira 1,500 kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya a kan Naira 70,000, kwana ɗaya tak a irin wannan ɗaki ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 21.

Abu na farko da labulen ya rufe shi ne doka biyu a ƙasa ɗaya. Idan baƙo ya sauka a filin jirgin Male da kwalbar giya ko naman alade a jakarsa, za a karɓe, domin haramun ne a dokar ƙasar. Amma da ya isa tsibirin otal sai ya tarar da mashaya a buɗe da izinin hukuma. Mahukunta sun daɗe suna cewa sun raba baƙi da 'yan ƙasa ne domin kare addini da tarbiyya, shi ya sa har zuwa 2009 ba a yarda a buɗe masaukin baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune ba, in ban da Male. Sai dai muna tambaya, abin da Allah ya haramta a wannan tsibiri, tafiyar minti ashirin a kwalekwale ce za ta halatta shi a wancan? A watan Disambar 2011 dubban mutane suka yi gangami a Male da sunan kare addini, gwamnati ta ba da umurnin rufe wuraren tausa na otal-otal, amma cikin 'yan kwanaki ta lashe amanta. Wanda ke kawo Dala ya fi mai gangami ƙarfi a fada.

Abu na biyu shi ne ma'aikaci. Wanda ya share rairayin nan tun kafin asuba domin baƙo ya farka ya ga kamar ba a taɓa taka shi ba, a ina yake kwana? A tsakiyar tsibirin akwai wani shinge da aka lulluɓe da itatuwa, wanda ba ya fitowa a hoto. A nan injinan wuta masu shan man dizal suke, a nan injin tace ruwan teku yake, a nan ma'aikata suke kwana da yawa a ɗaki ɗaya, kuma a da yawa daga cikin tsibiran a nan ɗan masallacinsu yake. Magidanci kan yi watanni bai ga iyalinsa ba. Lokacin da aka yi dokar ƙwadago a 2008, da farko ma tsame ma'aikatan otal aka yi daga cikinta, sai da suka tayar da ƙayar baya aka saka su. Sannan a ƙarƙashinsu akwai baƙin leburori, galibinsu 'yan Bangaladash, Musulmi 'yan uwanmu, waɗanda da yawansu bashi suka ci suka biya dillalai kafin su zo, wasu a riƙe musu fasfo, wasu a hana su albashin watanni. Da aka fara aiki da mafi ƙarancin albashi a 2022, ba a sa da su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kamar dai zamanin wuri.

Irin wannan zama ba ya haifar da ɗa mai ido. A 2010 wani faifan bidiyo ya bazu a duniya, inda aka ga wani ma'aikacin otal yana jagorantar bikin sabunta alkawarin aure na wasu Turawa miji da mata. Su suna zaton addu'a yake musu, ashe zagi yake surfa musu da harshen Dibehi na mutanen ƙasar. Ba mu goyon bayan wannan ko kaɗan, domin cin amana ne, kuma Musulmi ba ya zagin baƙon da ya amince masa. Amma abin ya nuna irin ƙullin da ke cikin zukatan masu murmushin dole.

Abu na uku shi ne shara. Baƙo ba ya ganin ko ledar ruwa a bakin teku, to ina take tafiya? Tun 1992 hukuma ta ware wani wuri mai suna Tilafushi, 'yan kilomitoci yamma da Male, aka yi ta jibga shara har ta zama tsibiri. Ɗaruruwan tan na shiga kullum daga birnin da kuma otal-otal, kuma an yi shekara da shekaru ana ƙona ta a fili, leburori na shaƙar hayaƙin. Shi kansa birnin Male tsibiri ne da faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2 ba, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen ƙasar a nan da kewayensa suke cunkushe, iyali guda a ɗaki ɗaya saboda tsadar haya. A Disambar 2014 gobara ta lalata injin tace ruwan birnin, mutane sama da 100,000 suka wayi gari ba ruwan sha, sai da Indiya ta yi jigilarsa ta jirgin sama. Ga masu ƙasa a matse, ga baƙo 50 da tsibiri sukutum.

Abu na huɗu shi ne inda kuɗin ke shiga. A 2016 aka bankaɗo cewa sama da Dala miliyan 70 na hayar tsibirai sun yi ɓatan dabo ta hannun kamfanin gwamnati mai tallata yawon shaƙatawa, kuma Ahmed Adeeb, wanda ya riƙe ministan wannan fanni kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya sha ɗauri a kan lamarin. Mu a nan wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Wannan sana'a ta fitar da Maldif daga sahun matalautan ƙasashe, ta gina makarantu da asibitoci, kuma ita ce ke kawo fiye da rabin kuɗin wajen da ƙasar ke samu. Amma wanda ya rataya tukunyarsa a igiya ɗaya yana tare da fargaba. Da annobar korona ta hana jirage tashi a 2020, arzikin ƙasar ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. Ga kuma teku na ta ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi, alhali tsayin ƙasar a kan ruwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba a tsaka-tsaki. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta kashe sama da mutum 80 a can, ta tashi wasu tsibirai gaba ɗaya. A Oktobar 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa domin duniya ta ji kukansu. Jiragen da ke kawo musu abinci su ne kuma ke ƙara hayaƙin da ke barazanar nutsar da su.

Kada wani ya fahimce mu a baibai. Ba mu ce hutu haramun ne ba, rai dangin goro ne. Kallon teku da tunani a kan ikon wanda ya halicce shi ibada ce, kuma namiji ya keɓe da iyalinsa ya faranta musu rai abin yabo ne. Wanda Allah ya hore wa ta halal, ya sauke zakkarsa, maƙwabcinsa bai kwana da yunwa ba, ba mu da hurumin hana shi tafiya. Tun bayan 2009 ma akwai ƙananan masaukai na 'yan ƙasa a tsibirai irin su Mafushi, inda kuɗin ke shiga hannun masu gari kuma ana jin kiran salla. Abin da muke ƙi shi ne a kwashe dukiyar da za ta aurar da samari goma a kashe a mako guda domin a ɗauki hoto. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan almubazzaranci a Suratul Isra'i, malamai kuma sun karantar da mu illar riya. Idan ba don a gani ake yi ba, me ya sa wanda ya biya miliyoyi domin kada kowa ya gan shi yake tura hotonsa ga dubban mutane kafin ya kwance jakarsa? Idan kuma mai tafiyar ma'aikacin gwamnati ne, talaka yana da haƙƙin ya tambaye shi a albashin wane wata ya tara wannan.

Saboda haka muna kira gare ka, ya kai ɗan uwa matashi, kada hoton waya ya raina maka ɗakin da ka kama haya da guminka, ko ya sa ka jinkirta aure kana jiran ranar da za ka iya abin da ɗan wane ya yi. Mun ga yadda gasar lefe da dina ta hana samari aure ta jefa wasu cikin bashi, kada mu bari a ƙaro mana wata. Duk sanda aka nuna maka wurin da ba kowa, ka tambayi kanka ina aka kai mutanen, wa ya share, ina aka zuba sharar. Ka kuma sa 'yan uwanka na Maldif da leburorin Bangaladash a addu'a, domin su ne ke bayan shingen.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya tsare mu daga ruɗin duniya, ya sa mu dace da Aljannar da ba a zaluntar kowa kafin a shige ta.