Ba Za Mu Sa Hannu A Kan Ƙarya Ba

'Yan'uwa cikin Almasihu, abin nan ya ishe mu. Miji yana Amurka, ana nema wa matarsa biza, babu takardar haihuwa, sai dattawa su zo wai Fasto ya rubuta katin baftisma da tsohuwar kwanan wata. Wai taimako! Mun ƙi. In ofishin jakadanci ya gano jabu ne, ana iya hana ta shiga ƙasar har abada. Wa ya kashe auren?

Wadda aka haifa a ƙauye kafin dokar rajistar haihuwa ta 1992 ba ta yi laifi ba. Mahaifinta ko wanta ya rantse a Babbar Kotu, ta kai wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a ba ta takardar shaida. Littafin ikilisiya kuwa, abin da ke ciki kaɗai za mu kwafa mata.