Fesa Wa Injin Babur Baƙin Fenti: Kwalliya Ko Jawo Wa Kai Asara?

Duk wanda ya tsaya a majalisar 'yan acaɓa a Tashar Dukku ko Pantami zai ga baburan da aka fesa wa injinsu baƙin fenti, suna ta sheƙi. Masu manyan babura da ke da ɗan lagireton sanyaya baƙin mai su ma sun bi sahu, sun shafe shi da baƙi. Daga nan gardama take tashi: wasu na cewa baƙi jan zafi yake yi, zai ƙona injin, wasu na cewa kamfani ma baƙi yake shafawa. Mu a ganinmu kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne.

Gaskiya ne baƙin abu ya fi shan zafin rana, duk wanda ya taɓa zama kan kujerar babur da azahar a watan Afrilu ba ya buƙatar bayani. Amma injin da ke aiki ya fi hasken ranar da ke dukansa samar da zafi nesa ba kusa ba, damuwarsa ita ce yadda zai fitar da shi. A nan kuwa ƙarfen da aka yi wa siririn fenti ya fi gogaggen alminiyom mai ƙyalli sakin zafi. Lagireton tsofaffin motoci ma yana zuwa da baƙin fenti tun daga kamfani. Launin ma ba shi ne sirrin ba, farin fenti yana sakin irin wannan zafin kusan daidai da baƙi.

To ina matsalar take? Kauri. Boxer da Jincheng da muke hawa a Gombe ba su da ruwan sanyaya inji, iska ce kawai ke ratsa haƙarƙarin da ke jikin silinda tana kwashe zafi. Lagireton baƙin mai ma haka yake aiki, sai dai ƙofofinsa sun fi ƙanƙanta. Idan mai fenti ya ɗauki gwangwanin fesawa irin wanda ake yi wa ƙofar gida, ya zuba shafi uku ko huɗu, ya sa wa injin bargo ke nan, ya kuma toshe hanyar iska. Irin wannan fenti ba a yi shi don zafin inji ba, yana kumbura ya ɓare, ƙurar hunturu da maiƙo su samu wurin maƙalewa. A garin da zafi ke kaiwa digiri 40 kafin damina, ga goyon mutum biyu, ga cunkoson bakin kasuwa, baƙin mai zai tsinke ya zama kamar ruwa. Daga nan sai ringi da fistin.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Sabon fenti yana rufe tsagewa da wurin da mai ke yoyo. Mai sayen babur na hannu, musamman matashin da ya ci bashi don ya fara sana'a, in ya ga injin tsohon babur baƙi wuluk, ya tambayi dalili, ya kuma je da bakanikensa.

Ba mu ce kada a yi kwalliya ba, ai babur abin alfaharin mai shi ne. A yi ta a tanki da murfin gefe. Wanda ya nace sai injin ya yi baƙi, ya nemi fenti mai jure zafi, a wanke maiƙo tas, a fesa shafi ɗaya siriri. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin hannun ɗan acaɓa ya ragu, kuma Boxer kusan lita ɗaya kacal yake ɗauka na baƙin mai. Kuɗin gwangwanin fenti biyu, da an sa shi wajen juye mai a kan lokaci, a kuma wanke laka daga haƙarƙarin injin bayan ruwan sama, da injin ya fi sanyi fiye da duk abin da fenti zai iya ba shi.