Gigabait huɗu a takarda, uku a aiki: matsalar tsofaffin kwamfutoci a Kankiya da Kusada

Mai shagon buga takardu a Kankiya ko Kusada da ya je Kano ya sayo kwamfutar gwanjo, sau da yawa abu guda yake fara tambaya: RAM ɗinta nawa ne?

RAM ita ce ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai yayin da take kunne. Idan ma'ajiyar bayanai rumbu ce, to RAM ita ce tabarmar da ake zube hatsin a kai domin a auna.

Sai dai akan sayi na'ura mai gigabait 4, a kunna ta a gida, sai ta nuna cewa uku da 'yan kai ne kawai za ta iya amfani da su. Nan take zargi ke komawa kan ɗan kasuwa, alhali a mafi yawan lokuta ba shi ne da laifi ba.

Inda gizo ke saƙa

Tushen matsalar shi ne irin Windows ɗin da aka ɗora wa na'urar. Kowane gurbi a cikin RAM yana buƙatar lamba, kamar yadda ake bai wa gidaje lambobi. Windows mai tsarin bit 32 lambobi 4,294,967,296 kaɗai take da su, wato daidai gigabait 4.

Daga cikinsu kuma dole a ware wani kaso ga sashen hoto da sauran kayan cikin na'urar. Abin da ke saura yawanci tsakanin gigabait 3 ne da 3 da rabi. Ko da an saka gigabait 8, sauran zai zauna babu amfani.

Wannan ba sabon abu ba ne. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana iya kai wa megabait 1, amma kilobait 640 ne kawai aka bar wa manhajoji a ƙarƙashin tsarin DOS.

Akwai kuma iyakar da kamfanin Microsoft ya gindaya da kansa saboda kasuwanci. Windows 7 Starter, da aka riƙa ɗora wa ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka, ba ta wuce gigabait 2, yayin da Windows 7 Professional mai bit 64 ke ɗaukar har 192.

Abin da ake asara

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, rajistar makarantu, duba sakamako da neman aiki suka ƙara komawa intanet. A gari irin Kankiya, mai makarantar koyon aikin lafiya, kuma a kan hanyar Kano zuwa Katsina, shagunan nan su ne madogarar ɗalibai da iyaye, har da na ƙauyukan Kusada.

Shafukan intanet na yanzu suna cin RAM sosai. Na'urar da ke tafiyar hawainiya tana cinye man janareta da lokacin mai jiran layi, ranar rufe rajista kuwa ba ta jira.

Ga kuma batun tsaro. Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, sannan tallafin da aka saba bai wa Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025. Harin WannaCry na Mayun 2017, wanda ya shafi ƙasashe sama da 150, ya nuna abin da ke samun na'urorin da ba a sabunta su.

Mafita da sharuɗɗanta

Maganin farko ba ya buƙatar sayen komai: a ɗora Windows mai bit 64, muddin injin sarrafa bayanan na'urar ya dace da ita. Amma tilas a kwashe takardu tukuna, domin akan goge komai. Haka kuma wasu tsofaffin na'urorin buga takardu ba su da manhajar da za ta haɗa su da sabon tsarin, wasu kwamfutocin kuma ƙirarsu ce ta iyakance su.

Windows 11, da ta fito a 2021, ba ta da nau'in bit 32 kwata-kwata, kuma tana da sharuɗɗan da ke fitar da akasarin tsofaffin na'urori. Zaɓin da ya rage musu shi ne tsarin Linux na kyauta, wanda ke buƙatar sabon koyo.

Don haka tambayar "RAM nawa ne?" ba ta wadatar ba. Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai saye ya sa a kunna na'urar a gabansa, ya duba nawa take iya amfani da shi, da kuma wace Windows za ta iya ɗauka nan gaba.