Birchi: Inda kuɗin gida ke zurarewa a zamanin tsadar rayuwa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, maganar tsimi da tanadi ta cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar shekarar, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Masu ba da shawara na cewa a rage girki, a daina zubar da ragowar abinci, a rubuta cefane kafin a shiga kasuwa. Shawarwarin ba su da laifi, sai dai an yanka su ne da awon ma'aikacin birni mai albashi da firiji.

A gari irin Birchi da ke ƙaramar hukumar Kurfi, maƙwabciyar Dutsin-Ma, uwargida ba ta buƙatar a koya mata wannan darasi. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzo a shanya shi a ajiye, dusa da ƙasari na awaki ne, toka a tace ruwanta a sa a miya, shara da kashin dabbobi su taru a juji har bazara a kai su gona. Tsofaffin robobi da ƙarafa ma 'yan gwangwan na biyansu. Saboda haka rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021, wanda ya ƙiyasta cewa kowane ɗan Najeriya na zubar da kilo 189 na abinci a shekara, bai yi kama da waɗannan gidaje ba. Lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, kuma a kan sharar birni aka gina shi.

Asarar gidan manomi tana faruwa ne tun kafin a ɗora tukunya, kuma babbar kafarta ita ce ajiya. Wake ne ya fi nuna haka. Ƙwaron da ke cin sa yana biyo shi tun daga gona, ya yi ta hayayyafa a cikin buhu, bayan 'yan watanni a kwance a tarar da huji da gari. Manomin da ya san haka yakan sayar tun da kaka, lokacin da kasuwa ta cika kuma farashi ya faɗi, sannan da damina ya koma awo da tsada. Wanda ya nace sai ya ajiye kuwa yakan zuba maganin ƙwari, wani lokaci irin wanda bai kamata ya kusanci abinci ba. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, hukumar NAFDAC kuma ta haramta sayar da ƙananan kwalaben Sniper a 2019.

Maganin matsalar ba sabo ba ne. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka, an fara yaɗa shi a Najeriya da Nijar tun wajen 2007. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhun saƙi, a ɗaure kowace daban; iska ta ƙare a ciki, ƙwaro ya daina ci da haihuwa, ba tare da ɗigon magani ba. Idan ɓera bai huda shi ba, yana yin kaka fiye da ɗaya. Jarka ko duro mai murfin da ke rufewa gam, idan aka cika shi har baki da busasshen wake, aikin da yake yi ke nan. Sharaɗin shi ne amfanin ya bushe sosai, kuma a daina buɗewa kullum ana ɗiba. Buhun ya fi na gargajiya tsada, kuma a daidai lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa ake buƙatar sayensa. Wannan, tare da ƙarancinsa a kasuwannin ƙauye, shi ke hana shi shiga gidaje da yawa.

Ya kamata a bambanta ajiyar ci da ajiyar riba. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a Yulin 2024, farashin hatsi ya sauka a 2025, waɗanda suka tara buhuna suna jiran tsada kuma suka tafka asara. Mai ajiye abin da iyalinsa za su ci har sabon amfani ya iso bai shiga wannan caca ba, domin ko kasuwa ta hau ko ta sauka, ya tsira daga awon kullum.

Akwai kuma abin da masu shawara daga nesa ba sa sakawa a lissafi. Kurfi da Dutsin-Ma, kamar Safana da Batsari, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a Satumbar 2021. Cikakken rumbu a ƙauyen da ake iya shigowa cikin dare kaya ne na ɗauka ko na ƙonawa. Magidancin da ya sayar da hatsinsa da wuri, ko ya kai shi ajiya gari yana biyan kuɗin mota da na ɗaki, ya yi lissafinsa ne daidai da halin da yake ciki.

Kafa ta biyu ita ce makamashi. A 2021 ɗin nan gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji saboda tsaro, gas ɗin girki kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafinsa a iska. Murhun laka mai kewaye tukunya, wanda mace za ta iya ginawa da hannunta, yana rage cin itace sosai. Haka jiƙa wake kafin dafawa da rufe tukunya. Ƙananan abubuwa ne, amma kullum ake hura wuta.

Kayan miya sun fi sauƙi, domin kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa tsohuwar dabara ce, musamman a yankin da masu noman rani na gefen madatsar Zobe ke cika kasuwa lokaci guda. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, tana ƙara wa ɗanyen tumatir kwanaki a lokacin rani.

Mafi wuyar toshewa ita ce kafar sayen ƙulli-ƙulli. Man gyaɗa a cokali, sukari da omo a leda, duk sun fi tsada idan aka tara su a wata, amma wanda ke samun na yau ya ci yau ba shi da jarin sayen jarka. Nan ne adashen mata ke da amfani, idan aka karkatar da kwasa ɗaya daga kayan biki zuwa sayen manja ko buhunan ajiya a raba. Nan ne kuma ya kamata gwamnatin Dikko Umar Radda ta duba: kowace damina ana bikin ƙaddamar da sayar da taki a farashi mai rangwame, amma da kaka babu makamancin wannan biki na kayan ajiya. Malaman gona na KTARDA na iya nuna yadda ake ɗaure buhun a ranar kasuwa, a kuma tabbatar dillalan Kurfi da Dutsin-Ma na da shi kafin a fara roron wake a watan Oktoba.